Mai Raba Ƙafa

Shekara goma sha tara Yaya da Ƙarama suna shago ɗaya, ɗaya na yanka ɗaya na ɗinki, ba a taɓa jin kansu a waje ba sai a shekarar da 'ya'yansu suka kai ajin ƙarshe na sakandare. Ba wai ba sa faɗa ba ne. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, kuma Yaya ce ta goyi Ƙarama, saboda haka faɗan nasu na gefe guda ne: Yaya ta yi ta faɗa, Ƙarama ta sunkuyar da kai ta ci gaba da taka kekenta. Duk layin teloli da waɗannan sunaye aka san su, har matan da suka girmi Yaya nesa ba kusa ba Yaya suke ce mata.

Shagon ɗaki ne mai tsawo marar faɗi. Teburin yanka na bakin ƙofa inda haske yake, nan ne mulkin Yaya, da almakashinta da allinta da tef ɗin awo rataye a wuya. Keken Ƙarama na can ciki ƙarƙashin fanka. A jikin bango akwai kanta cike da yadin mutane, an jera shi tuli tuli bisa tsarin wanda ya riga kawowa. A lungu, bayan labulen gwaji, akwai wata tsohuwar kwamfuta da aka saya don duba sababbin yayi, wadda a wannan shekarar yaran biyu suka mayar da ita tasu.

Auta ce 'yar Yaya. Yayyenta maza duk sun bar karatu da wuri sun kama sana'a, ita kaɗai ta kai nan. 'Yar Ƙarama kuwa tun tana aji biyu na firamare aka laƙaba mata Farfesa, kuma ba ta taɓa ba sunan kunya ba, kullum ita ce ta ɗaya. Auta takan zo ta huɗu ko ta biyar, sai dai Allah ya yi mata hannu. Tun tana ƙarama take satar allin uwarta tana zana gidaje a bayan takardun yanka, da tagogi da matakala da inda rana za ta shigo. Zanen gine-gine take son karantawa, kuma a jami'ar kan tudu take son karanta shi, wadda cikin mutum ashirin da suka nema da ƙyar take ɗaukar ɗaya.

Auta ta nemi jami'a uku: ta kan tudu, sai wasu biyu da ba su cika mayar da kowa ba. Farfesa ta nemi bakwai, duk manya, duk masu wuyar shiga, har da ta kan tudu a cikinsu. Wannan bai dami Yaya ba, har alfahari take yi da shi a layi, sai ranar da wata mai kawo musu ɗinki ta zo gwaji. Matar nan irin mutanen nan ne da ba su taɓa rasa labari ba. Yaya na durƙushe tana kama mata bakin riga, allurai a baki, matar ta ce ai ita ta san ta kan tudu ciki da bai, ɗan ƙanwar mijinta can ya gama. Ba sa ɗaukar fiye da mutum ɗaya daga makarantar su Auta. Shekara shida ke nan, ɗaya ɗaya.

Bakin Yaya a cike yake da allurai. Amma tana sallamar matar ta ajiye almakashi da ƙarfi.

"Ƙarama, tsayar da keken nan mu yi magana."

Ƙarama ta ɗauke ƙafa.

"Jami'a nawa Farfesa ta nema?"

"Bakwai mana, Yaya. Ai ke kike faɗa wa mutane."

"Jiki nawa gare ta?"

Ƙarama ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Da ta ga fuskar yayarta sai ta haɗiye sauran dariyar.

"Kujera ɗaya ce a kan tudu," in ji Yaya. "Kin ji da kunnenki. In Farfesa na layi, wa zai kalli Auta? Ki ce mata ta janye. Shida sun ishe ta, ai ba rabawa za a yi da ita ba."

"Yaya, da kujerar a hannuna take da na miƙa miki. Amma wa ya ce miki an ɗauke ta a shidan? Wuraren nan mai na ɗaya ma mayar da shi suke yi ko a jikinsu. Shi ya sa ta nemi bakwai, ko Allah zai sa ɗaya ta faɗo."

"Ban tambaye ki tarihi ba. Za ki gaya mata ko ba za ki gaya mata ba?"

Ƙarama ta dubi yadin da ke ƙarƙashin allurar kekenta, ta ɗan gyara shi. "Ba zan gaya mata ba."

Cikin shekara goma sha tara wannan ne karon farko da Yaya ta ji wannan kalmar daga bakin ƙanwarta. Ba ƙin ne ya fi ƙona mata rai ba, natsuwar da aka faɗe shi da ita ce. Yarinyar da ta wanke wa kashi, ta koya wa zura zare a allura, yau ita ce ke kallon ta tana ce mata a'a, sannan ta mayar da ƙafa kan keke kamar ba a yi komai ba.

Daga ranar shago ya zama wurin da mutum ke shiga da sallama ya fita da sanɗa. Yaya ta daina miƙa yankakken yadi, sai dai ta jefa shi kan kujera. In baƙuwa ta zo, da ita za a yi habaicin: "Ai duniya yanzu ba a ƙoshi, 'yar uwa. Mutum na riƙe da shida idonsa na kan na marar komai." Ƙarama sai ta ƙara ƙarar rediyo. Wata rana Yaya ta yanka hannun riga ba ta bar wurin ɗinki ba, da gangan, Ƙarama ta yi awa guda tana fama da shi ba ta ce uffan ba, wanda hakan ya ƙara tunzura Yaya. Abin da ya fi ba ta haushi kuma shi ne yaran. Kullum tare suke dawowa daga makaranta, kafaɗa da kafaɗa, suna dariyar abin da ba wanda ya sani, su shige bayan labule su zauna a kujera ɗaya gaban kwamfuta.

"Ke ba ki da zuciya ne?" Yaya ta tambayi Auta wata safiya yarinyar na ɗaura takalmi. "Yarinya na shirin cinye miki kujera kina wangale mata baki."

"Mama, ba a ma ba kowa kujerar ba tukuna."

"In aka ba ta ai sai ki zana gida ki shiga."

Auta ta ɗauki jakarta ta fita. Ita haka take, ba ta mayar da magana, shiru take yi irin na innarta, kuma Yaya ta tsani wannan gadon.

Da abin ya ishi Yaya sai ta rufe almakashi a aljihun tebur ta tafi makarantar. Akwai malamar da ke kula da takardun neman jami'a, wata siririya mai tabarau rataye da igiya, ofishinta ɗan ƙarami cike da fayil har kan taga. Ɗalibai ɗari da arba'in ne a wuyanta, kuma duk iyayensu sun riga sun zo mata da abin da suka ji a bakin wani, saboda haka haƙurinta ya kusa ƙarewa tun kafin Yaya ta zauna.

"Babu wata doka ta mutum ɗaya, Maman Auta. An yi shekarun da suka ɗauki ɗaya, gaskiya ne. An yi shekarar da ba su ɗauki kowa ba. Ba kujera suka ware mana ba, takardu suke karantawa."

"Shekara shida ɗaya ɗaya, ki ce min ba doka ba ce."

"Na ce miki ba doka ba ce."

Yaya ta gyara zama. "To na ji. Wanda ya nemi wuri bakwai fa? In jami'a ta san ba ita kaɗai yaro ya nema ba, ai ba za ta ɗauke shi da daraja ba."

Malama ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce jami'o'in nan ba sa ganin jerin juna, wannan ba ta san inda yaro ya nema ban da ita ba. Ta ce ko da sun sani ma ba abin da zai canza, don duk yaron da suka ɗauka sun san ya nemi wasu wuraren, mahaukaci ne kaɗai zai nemi wuri ɗaya irin wannan ya kwanta. Ta ce abin da ke cutar da mai neman bakwai shi ne ya rubuta takarda bakwai cikin gaggawa duk su fito salam, kuma neman bakwai ba ya ninka sa'a sau bakwai, tunda abu ɗaya duk suke dubawa. Ta yi bayani na kusan minti ashirin, har da zane a bayan ambulan.

Daga duk wannan bayani, abu ɗaya Yaya ta fito da shi ta ƙulle a bakin mayafinta: ba su sani ba.

Ai kuwa ita ta san maganin wannan. A layin teloli akwai wata ƙa'ida da ba a rubuta ba, kuma Yaya ce ta kafa ta da kanta. Akwai matan da in hidima ta taso musu sai su raba yadinsu uku, su kai awo shago uku, wanda ya riga gamawa su karɓa, sauran biyun su bar su da yankakken kaya da ɓataccen lokaci. Masu raba ƙafa ake ce musu. Da an ga alamar irinsu, tela zai leƙa shagon maƙwabci: "Ta zo wajenki?" In aka ce ta zo, shi ke nan, a duk shagunan uku yadinta ƙasan tuli zai koma, sai an gama da masu amana. Ba wanda ya taɓa kiran wannan zalunci a layi. Kare sana'a ne, kuma wanda ya tsegunta maka ya yi maka alheri.

A ganin Yaya jami'a ma ai shago ce. Mutane ne zaune da tulin takardu, suna son wanda zai zo ya karɓi kayansa. In Malama ta ce ba su damu ba, don ba a taɓa leƙa musu an gaya musu ba ne. Me malamar makaranta ta sani game da yadda ake riƙe layi?

Ranar Talata da hantsi Ƙarama ta fita sayen zif da zare. Yaya ta tura ƙofa, ta shiga bayan labule. Ta sha ganin yaran suna buɗe shafin jami'ar, da hoton dogon gini da bishiyoyi. Tana taɓa kwamfutar sai ga shi a buɗe, kamar ita yake jira. A gefe akwai wani ɗan akwati da aka rubuta a aiko musu da saƙo. Ta ɗauka irin akwatin nan ne na asibiti da ake jefa ƙorafi, ba wanda ya san hannun da ya jefa. Ta ja kujera ta sa tabarau, da yatsa ɗaya, tana neman haruffa ɗaya bayan ɗaya, ta rubuta cikakken sunan Farfesa da sunan makarantarsu, sannan ta rubuta:

"Ina sanar da ku yarinyar nan mai raba ƙafa ce. Ta kai awonta wuri bakwai, ba ku ne a ranta ba. Ko kun ba ta ba lallai ta zo ba. Ku sa takardarta a ƙasan tuli, ku duba waɗanda suka riƙe ku da amana. Daga mai son gaskiya."

Ta karanta sau biyu. Ta ji wani abu ya ɗan soke ta da ta ga sunan yarinyar, don ita ta fara ɗaukarta ranar da aka haife ta, kuma ita ta ɗinka mata rigar makarantarta ta farko. Sai ta tuna sauran jami'o'i shidan da yarinyar ta nema. Ta danna. Kafin Ƙarama ta dawo har ta yanka riguna biyu, kuma a ranar, karon farko cikin makonni, da hannu ta miƙa mata su.

Kwana takwas bayan haka Malama ta bugo wa Yaya waya. Ta ce tana son ganinta gobe ƙarfe goma, ita da ƙanwarta. Ba ta gaishe ta ba, ba ta kuma faɗi dalili ba.

Kowacce hanyarta ta bi, a ƙofar ofis suka haɗu. Yaran na ciki tsaye a jikin bango. Idon Auta ya kumbura, kuma sai a lokacin Yaya ta tuna kwana biyu ke nan yarinyar ba ta cin abinci sosai, ita kuwa ta ɗauka zullumin sakamako ne. Malama ta ajiye takarda ɗaya a kan tebur ta juya ta ta fuskanci iyayen. A samanta akwai hoton Auta, da sunanta, da lambarta ta neman shiga. A ƙasa kuma ga maganar Yaya, kalma da kalma.

"Wannan saƙo daga shafin Auta ya fita," in ji Malama. "Duk abin da aka rubuta a akwatin nan cikin fayil ɗin mai shafin yake shiga. Jami'ar ta dakatar da duba takardarta, ta turo min tana neman bayani kafin Jumma'a. Kwana biyu ina tambayarta, abin da take ce min kawai daga shafinta ya fito."

Yaya ta ɗaga kai daga takardar. Ta dubi Auta, Auta na kallon ƙasa.

"Ni na rubuta mata takardar shaidar hali," Malama ta ci gaba. "Na ce yarinya ce da ba ta cutar da kowa. In ita ta yi wa 'yar uwarta wannan, dole in gaya musu na janye maganata. Ban taɓa yi wa jami'ar nan ƙarya ba, ba zan fara a kanta ba."

Nan ne ya kamata Yaya ta buɗe baki. Ba ta buɗe ba. Matar da ake jin muryarta daga farkon layi har ƙarshensa ta zauna tana kallon fayil ɗin kan taga, tana jin tsoro irin na yaron da ya fasa kwano, tana barin 'yarta tsaye da laifin a kai. Ƙarama ce ta miƙa hannu ta ɗauki takardar. Ta karanta a hankali, leɓenta na motsi.

"Ta kai awonta wuri bakwai," ta faɗa a fili. "Ƙasan tuli." Ta ajiye takardar. "Malama, ki bar yarinyar nan ta zauna. Shekara goma sha tara ina jin maganar nan a kunnena, na san mai ita."

Ba ta ko kalli Yaya ba, kuma wannan ya fi mari zafi. Kunya ta taso wa Yaya, amma ita kunyarta ba ta san hanyar fita ba sai ta faɗa.

"Ni na rubuta. To sai me? Ƙarya na yi? Bakwai ba ta nema ba? Na roƙe ki, Ƙarama, ni da bakina na roƙe ki, kika dube ni kika ce ba za ki yi ba. Ke kika jawo."

"Ni na jawo."

"Ke kika jawo. Da kin ce ta janye da duk ba a zo nan ba."

"Inna," in ji Farfesa daga jikin bango. "Ai na janye."

Malama ta buɗe wani fayil ta ce wannan ne ma ya fi ɗaure wa jami'ar kai: an kawo musu ƙarar yarinyar da ba ta cikin jerinsu. Farfesa ta janye takardarta kwana tara kafin a aika saƙon.

Yanzu kuma Ƙarama ce ta juya. "Kin janye? Da izinin wa?"

"Umma, ni likitanci nake so, ta kan tudu ba a nan ta fi ƙarfi ba. Auta kuma ita kaɗai take so. Ta ce kada in yi, na yi. Ba mu faɗa ba ne don mun san in ke kika ji za ki yi fushi, in Inna ta ji za ta ce ta yi nasara a kanki."

"Ashe tun tuni kin ba ta," Ƙarama ta ce da 'yarta, amma da Yaya take. "Kin ba ta da hannunki, ita kuma ta bi ki ta baya da almakashi." Ta miƙe ta gyara mayafi. "Malama, akwai abin da ya rage da ya shafe ni?"

Malama ta ce babu. Ƙarama ta kama hannun Farfesa suka fita.

Malama ta tura wa Yaya farar takarda da biro. Ta ce ta rubuta abin da ta yi, da cikakken sunanta, da yadda ta samu shafin a buɗe, ta kuma rubuta cewa Auta ba ta sani ba. Yaya ta yi gardamar cewa ba sai an sa suna ba, Malama ta ce ai mai son gaskiya ce ta kawo su nan, yanzu mai suna suke nema. Sau uku tana yaga takarda. Hannun da ke yanka yadi ba tare da ya sa alli ba ya kasa jan layi madaidaici. Auta na nan tsaye har aka gama, ba ta zauna ba ko da aka ce ta zauna.

A hanya Yaya ta ce, "Me ya sa ba ki gaya mata ni ce ba? Ai kin gane."

"Na gane tun layin farko."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Jira nake ki faɗa da kanki, Mama."

Washegari da safe wata ƙaramar motar ɗaukar kaya ta tsaya a ƙofar shago. Ƙarama ta sa aka fitar da kekenta, da dutsen gugarta, da rediyon. Ba ta yi nisa ba, shago na huɗu daga nasu ta koma, wajen wata tela da Yaya ba ta ga maciji da ita. Duk layi suka fito suna kallo, kowa na yi kamar shara yake yi. Yaya ta tsaya a bakin teburinta tana yanka wani yadi da ba ta ma auna ba.

"Kin manta kujerarki," ta ce, don dai ta ce wani abu.

"Ki riƙe. Ai kujera kike so."

Jami'ar ta amsa da layi ɗaya, cewa ta karɓi bayanin kuma za ta ci gaba da duba takardar. Yaya ta sa Malama ta karanta mata sau biyu a waya, tana neman ko akwai wata kalma da ke nuna an yafe ko ba a yafe ba. Babu. Ta koma shago ta zauna kan wani tsohon keke da ta aro, idonta ba ya ganin ramin allura sosai, ɗinkinta na karkacewa, tulin kanta na ƙaruwa. Mata suka fara ɗauke yadinsu suna kaiwa shago na huɗu. Ba ta leƙa ta tambayi kowa ko sun zo wajenta ba.

Sakamako ya fito bayan wata biyu. Farfesa, ta ɗayan aji, biyar cikin shidan suka mayar da ita, ɗaya ta ɗauke ta likitanci. Yaya a bakin mai guga ta ji, kuma ta gane cewa ƙanwarta ba haɗama take yi ba ranar da ta ce ko Allah zai sa ɗaya ta faɗo. Ta Auta kuwa wasiƙa ce mai ladabi, irin wadda ake tura wa kowa: masu nema sun yi yawa bana, sun yaba da ƙoƙarinta, suna yi mata fatan alheri. Auta ta karanta a tsaye, ta ce "To," ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Yaya ba ta buɗe shago ba ranar. Makaranta ta nufa, ta tarar da Malama na ɗaure fayil da igiya.

"Saƙona ne?" ta tambaya, ko zama ba ta yi ba.

"Ban sani ba."

"Ki tambaye su."

"Ba za su faɗa ba, Maman Auta. Ba sa faɗa wa kowa. Cikin ashirin, goma sha tara ake mayarwa, kuma yawancinsu ba wanda ya rubuta komai daga shafinsu. Wataƙila da ma ba za su ɗauke ta ba. Wataƙila za su ɗauke ta. Zanenta yana da kyau ƙwarai, wannan na sani."

Yaya ta so a ce mata e ko a'a. Da an ce e, da ta san abin da za ta yi kuka a kai. Da an ce a'a, da ta samu abin da za ta kai gida. Sai ta laluba ta kamo abu ɗaya da ya rage mata.

"To da ma ai kujera ɗaya ce. Akwai waɗanda suka fi ta maki a ajin. Wa aka ba?"

Malama ta dube ta ta saman tabarau, ta ɗan jima kamar mai shawarar ko ta faɗa ko ta bari.

"Biyu suka ɗauka bana daga nan."

Yaya ba ta tuna yadda ta dawo layi ba. Ta wuce shago na huɗu, ta ji ƙarar keken da ta sani ko cikin dubu, ba ta juya ba. Da ta iso nasu ta tarar a buɗe. Auta na bayan labule gaban kwamfuta, tana cike takardar karɓar gurbi a ɗaya daga cikin jami'o'in nan biyu da ba su cika mayar da kowa ba. Su ma suna koyar da zanen gine-gine, a wani ɗan sashe da aka buɗe shekara uku da suka wuce.

"Kin ci abinci?" Yaya ta tambaya.

"Na ci, Mama."

"In kina son wani abu a cikin takardar, ko sa hannu..."

"Na gama."

Ba fushi a muryarta, kuma Yaya ta gwammace da akwai. Ta tsaya riƙe da bakin labule tana kallon bayan 'yarta. Auta ta danna ta aika. Sannan ta kai hannu can saman shafin ta fita daga cikinsa. Ta jira hotonta ya ɓace, ta sake buɗe shi ta tabbatar yana neman lambar sirri, sannan ta kashe kwamfutar ta miƙe.

"Bari in je in taya Farfesa murna," ta ce. Ta raɓa ta gefen uwarta ta fita.